Sawun Baƙo a Cikin Ƙwayar Zarra

Tsarki ya tabbata ga Ubangijin da Ya yi wa kowace halitta awo, Ya yanka mata ajali, babba da ƙarama, wadda ido ke gani da wadda ido ba zai taɓa gani ba.

Bahaushe in yana so ya nuna gajartar lokaci sai ya ce "kafin ƙiftawa da bismilla". A wurinsa nan sauri ya ƙure. To, akwai wata halitta da in aka jera irinta ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ƙare wannan ta tashi, sama da biliyan 60 za su zo su wuce kafin fatar idonka ta sauka ta ɗaga sau ɗaya. Masana fiziks suna kiran ta mezon B. Ka raba daƙiƙa guda gida tiriliyan, ka ɗauki kashi ɗaya da rabi: iyakar kwananta ke nan. Haske, wanda babu abin da ya kai shi gudu, ba ya cin rabin milimita a cikin wannan lokaci. Amma a kan mutuwar wannan 'yar aba dubban masana suka shafe fiye da shekara 10 suna jayayya, domin wasu daga cikin hanyoyin da take bi ta tarwatse sun ƙi daidaituwa da lissafi.

Mu fara daga abin da ke hannu. Ɗauki ƙwayar gero. Da za a yi ta farfasa ta, a wuce gari, a wuce ƙura, za a iso ga zarra, wadda ake ce wa atam. Zarra tana da cibiya, ga elektaron suna kewaye da ita, cibiyar kuma tarin furoton ce da niyutaron. A 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig, kowa shi kaɗai, suka kawo ra'ayin cewa su ma waɗannan ƙulli ne na wasu 'yan abubuwa uku-uku, Gell-Mann ya raɗa musu suna kwak. Kwak iri biyu, u da d, haɗe da elektaron, su ne tubalin duk abin da ka taɓa riƙewa: geron, turmin, tabaryar, har da hannun mai dakan.

Da mutum ne ya tsara, nan zai tsaya, tunda buƙata ta biya. Amma Mai halitta Ya maimaita sahun har sau uku. Bayan u da d akwai c da s, masu halinsu sak amma sun fi su nauyi. Bayan waɗannan akwai t da b, waɗanda suka fi kowa nauyi. Elektaron ma yana da yayye biyu, miyuwon da tawu. Sahu na biyu da na uku ba sa gina dutse, ba sa gina jiki, da sun bayyana sai su ruguje su koma 'yan sahun farko. Me ya sa aka yi su? Me ya sa uku, ba biyu ba, ba bakwai ba? Babu littafin fiziks da ya amsa wannan tukuna. An ce lokacin da aka gano miyuwon, masanin nan Isidor Rabi tambaya ya yi, kamar wanda aka ajiye wa kwanon abincin da bai saya ba, wai wa ya aika a kawo wannan?

Kwak b ya bayyana a 1977 a Fermilab, kusa da Shikago a Amurka, a hannun ayarin Leon Lederman. Shi kaɗai ya ninka furoton sukutum nauyi fiye da sau 4. Wasu na ce masa na gindi, wasu na ce masa kyakkyawa, kuma sunan na biyu ya fi daɗin ji. Tun a 1973, lokacin da kwak uku kacal aka sani, wasu Japanawa biyu, Makoto Kobayashi da Toshihide Maskawa, suka lissafa cewa ya kamata a samu sahu na uku, abin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2008. Kwak ba ya yawo shi kaɗai, ba a taɓa kama guda a ware ba. In b ya haɗu da wani kwak mara nauyi, ɗaya a siffarsa ɗaya a siffar kishiya (kowace ƙwaya tana da kishiya, irinta amma mai akasin caji), suka ƙulla, mezon B ke nan.

Tunda ba ya daɗewa, duk mai son ganin sa sai ya ƙera abinsa. A kan iyakar Siwizalan da Faransa, dab da birnin Janeba, cibiyar CERN tana da rami mai zagaye na kilomita 27, kimanin mita 100 a ƙarƙashin gonaki da ƙauyuka. Shi ne LHC. Ana sanyaya maganaɗisunsa har su kai digiri 271 ƙasa da sifili, sanyin da ya fi na sararin samaniya, sannan a koro furoton ta dama da ta hagu, kowane yana zagaye ramin fiye da sau 11,000 a daƙiƙa, a gwara kansu. A ɗaya daga cikin mahaɗun akwai na'ura mai nauyin tan 5,600 da tsawon mita 21, sunanta LHCb. Wannan ƙaramin harafin na ƙarshe na kyakkyawan nan ne. Mutum sama da 1,000 daga ƙasashe da dama ke aiki a kanta.

A nan akwai wani abin al'ajabi da ba na so mu wuce shi da sauri. Na ce haske ba ya cin rabin milimita a tsawon kwanan mezon B. Amma a cikin LHCb, mezon ɗin yakan yi tafiyar kusan santimita guda kafin ya fashe. Yaya aka yi wanda bai kai haske gudu ba ya wuce inda haske zai tsaya? Amsar ita ce lokaci kansa yana miƙewa ga mai tsananin gudu, kamar yadda Einstein ya bayyana a 1905. A agogon mezon ɗin ajalinsa bai ƙaru da komai ba. A agogonmu ne ya yi tsawo. Wannan santimita guda, faɗin farcen ɗan yatsa, ita ce duk tagar da aka buɗe wa ɗan Adam ya leƙa. Ba don ita ba da ba a bambance wurin haihuwar mezon da wurin mutuwarsa ba, da kuma duk ilmin nan bai samu ba. Allahu Akbar.

Mezon B ba hanya ɗaya yake bi ya ruguje ba, hanyoyin sun kai ɗaruruwa. Babu masanin da zai kalli guda ɗaya ya ce ga hanyar da zai bi, ilmin kwantam, mai bayanin halin irin waɗannan ƙananan halittu, ma cewa ya yi wannan ba ya lissafuwa. Amma in ka tara miliyoyi, sai ka ga kowace hanya da rabonta tsayayye, kamar gadon da aka raba tun kafin a haifi magada. Littafin da ke ɗauke da wannan rabo shi ne ka'idar da suke kira Daidaitaccen Tsari, wadda aka kammala gina ta a shekarun 1970. Ga misalin ƙwarewarta. Ta ce wani nau'in mezon B, wanda b ya haɗu da s a cikinsa, zai koma miyuwon biyu kacal sau 3 zuwa 4 a cikin kowane biliyan. Aka shekara kusan 30 ana nema. A 2015 ayarin CMS, wata na'urar ta LHC, da na LHCb suka haɗa bayanansu suka buga sakamako: ga shi nan, kuma a wajajen adadin da aka faɗa. Ka yi tunanin mai aunar hatsi ya ce maka a cikin buhunan geron nan, kowace ƙwaya biliyan za ka tarar da ja guda 3, ka zauna ka ƙirga, ka same su.

To me ya sa ake bin irin waɗannan hanyoyi da ba a cika bi ba? Domin a nan baƙo ke barin sawu. In b zai koma s, ba ya tafiya kai tsaye. Sai ya shiga wani ɗaki mai duhu na ɗan lokacin da ba ya aunuwa, ya rikiɗe ya zama t da W, wani jakadan ƙarfi mai rauni, inda t kaɗai ya ninka shi nauyi kusan sau 40, sannan ya fito a matsayin s. Kamar a ce ɗan akuya ya shiga bukka, ya zama raƙumi a ciki, ya fito zomo. Dokar kwantam ta yarda da wannan aro muddin za a mayar nan take. Zanen da ake yi wa wannan rikiɗa sunansa fengwin, sunan tsuntsun nan na ƙasar ƙanƙara, kuma dalilin sunan abin dariya ne: a 1977 John Ellis ya faɗi a wasan jifan kibiya, hukuncin wanda ya faɗi kuwa shi ne ya cusa kalmar a cikin takardar bincikensa ta gaba. Haka sunan ya bi abin har yau.

Muhimmin abu shi ne ƙofar ɗakin nan a buɗe take ga kowa. In akwai wata halitta mai nauyin da LHC ba zai iya ƙera ta ba, tana iya leƙawa ciki ta fita, ta ɗan karkatar da rabon. Ba za a gan ta ba, amma za a ga awo ya sauya. Maharbi ba sai ya ga zaki yake sanin ya sha ruwa a tafki ba. Kuma an taɓa yin haka aka dace. A 1970 Glashow da Iliopoulos da Maiani suka lura cewa wata rugujewar kayon, wani ƙaramin mezon mai ɗauke da s, ta yi ƙarancin da lissafin kwak uku ba zai bayyana ba, suka ce lallai akwai na huɗu. A Nuwamban 1974 aka same shi, shi ne c. A 1987 gwajin ARGUS da ke Hamburg a Jamus ya ga mezon B yana juyawa ya zama kishiyarsa ya dawo da saurin da ya wuce zato, aka fahimci cewa t ya fi yadda ake tsammani nauyi nesa ba kusa ba, shekara 8 kafin a gan shi a 1995. Wannan juyi kansa abin tsayawa a yi tasbihi ne: nau'in nan mai ɗauke da s yana zuwa ya dawo sau kusan tiriliyan 3 a daƙiƙa, kuma an auna.

Yanzu ga inda rigimar ta taso. Daidaitaccen Tsari yana da wata doka ta adalci: elektaron da miyuwon da tawu, ban da bambancin nauyi, babu wanda ake fifitawa. Miyuwon ya ninka elektaron nauyi sau 207, tawu kusan sau 3,500, amma ƙarfin da ke haifar da su kallo ɗaya yake yi musu, kamar uban da ba ya wariya tsakanin 'ya'yansa. Shi miyuwon ba baƙonmu ba ne. Buɗe tafin hannunka: kusan kowace daƙiƙa guda ɗaya yana ratsa shi, yana saukowa daga sama inda haskoki masu zuwa daga sararin samaniya ke dukan iska. Da irinsu aka leƙa cikin babbar dalar Giza a Masar, aka gano wani ƙaton fili a ciki a 2017 ba tare da an cire dutse ko ɗaya ba.

Bisa dokar nan, in mezon B ya koma kayon da miyuwon biyu sau 100, ya kamata ya koma kayon da elektaron biyu sau 100. In ka raba wannan da wancan ka sami 1. Lissafi ne mai tsabta, domin duk wata ƙazantar lissafi tana sama tana ƙasa, sai ta share kanta. A 2014 LHCb ta auna ta sami 0.745. A 2017 wata hanya makamanciya ta ba da ƙasa da 0.7. A Maris na 2021 aka sake fitowa da 0.846, da ƙarfin shaida na sigma 3.1. Miyuwon dai kullum a ƙasa, kamar ɗan bora.

Sigma ma'auni ne na yadda sakamako ya yi nisa da abin da sa'a kaɗai za ta iya kawowa. Sigma 3.1 na nufin in babu komai sabo, irin wannan gibin zai faru da kansa kimanin sau 1 a cikin 1,000. Mai sauraro zai ce ai magana ta ƙare. Su kuwa masu abin ba sa cewa an gano sai an kai sigma 5, wato 1 a cikin miliyan 3 da rabi. Wanda ya san yadda ake karɓar shaidar ganin jinjirin wata zai fahimce su. Mutum ɗaya ya ce ya gani, ba a ƙaryata shi ba, amma ba a sanar da gari ba tukuna. Ana tambayar sa ta ina ya gan shi, ƙarfe nawa, ina ƙahonninsa suka fuskanta, sannan a jira labari daga wasu garuruwa. Idon mai tsananin son ganin wata yakan ƙera masa wata daga guntun gajimare.

Masu ka'ida dai ba su jira ba, kuma ban ga laifinsu ba, aikinsu ke nan. Ɗaruruwan takardu suka fito. Bayani biyu suka fi tashe. Na farko, wai akwai wani ɗan'uwan Z, jakadan nan mai ɗaukar ƙarfi mai rauni da aka gano a CERN a 1983, amma shi sabon ya fi nauyi kuma yana da son kai, yana kula miyuwon ya kyale elektaron. In haka ne, an sami ƙarfi na biyar bayan huɗun da aka sani. Na biyu ya fi zurfi, shi ne leftokwak, halittar da za ta iya mayar da kwak ya zama ɗan gidan su elektaron. A Daidaitaccen Tsari gidajen nan biyu maƙwabta ne da ba sa auratayya, kuma babu wanda ya bayyana dalilin da ya sa kowane yake da sahu uku daidai da ɗan'uwansa, ko dalilin da ya sa cajin furoton ya yi daidai da na elektaron ba ragi ba ƙari, wanda ba don haka ba da zarra ba ta zauna lafiya ba. Tun a 1974 Jogesh Pati na Indiya da Abdus Salam na Pakistan suka kawo ka'idar cewa asalinsu gida ɗaya ne, leftokwak kuwa shi ne manzon da ke tsakani. Salam ɗin nan shi ne wanda ya karanta ayoyi daga Suratul Mulk a walimar Nobel a Stockholm a 1979. Da an tabbatar da leftokwak, da ya zama babban labarin fiziks na wannan ƙarni.

Sai ranar 20 ga Disamba, 2022. Mutanen LHCb suka taru a CERN suka ce sun sake awon da dukkan bayanan da ke hannunsu, da hanyar tacewa mafi tsanani, kuma sakamakon ya dawo gefen 1. Gibin ya tafi. Abin da ya faru shi ne elektaron yana da wuyar kamu. Saboda rashin nauyinsa, yana zubar da ƙarfinsa a hanya yayin da yake ratsa na'ura, sai hotonsa ya dushe. A cikin wannan dushewa wasu ƙananan mezon, fayon da kayon, suka riƙa shigewa da rigar elektaron ana ƙirga su. Adadin elektaron ya kumbura, sai ya zama kamar miyuwon ne ya yi ƙaranci. Ba a tauye wa ɗan bora komai ba, baƙi ne suka cika layin ɗan mowa.

A nan ne nake ganin darasin da jaridu suka tsallake. Sigma tana auna sa'a ne, ba ta auna lanƙwasar mudu. In mudunka ya lotsa, ko sau dubu ka auna ƙarya ɗaya za ka maimaita, kuma kowace maimaitawa ƙara maka yaƙini za ta yi. An ga haka a 2011, lokacin da gwajin OPERA a Italiya ya ga kamar niyutirino, wani ɗan gidan su elektaron mai wuyar gani, ya riga haske isowa bayan tafiyar kilomita 730, da shaidar sigma 6, daga baya aka tarar wata waya ce ba a ɗaure ta da kyau ba. Abin da ya burge ni da mutanen LHCb shi ne ba wani abokin hamayya ne ya tona su ba. Su da kansu suka koma suka tuhumi sakamakon da ya ɗaukaka sunansu shekara 8, suka rushe shi a gaban duniya. Mu da muka saba ganin mutum ya kafe a kan kuskure don kada girma ya faɗi, akwai abin koyi a nan. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Sai dai duk wanda ya ɗauka labarin ya ƙare a nan bai bi shi da kyau ba. Ƙafa ɗaya ce ta karye, sauran suna tsaye, kodayake suna ɗingishi.

Tun a 2013 LHCb ta lura cewa in mezon B ya koma wani nau'in kayon da miyuwon biyu, kusurwoyin da tarkacen ke bi su watse ba su dace da lissafi ba. Aka sake awo a 2015 da 2020, karkatar tana nan. Ayarin CMS, da na'urarsu dabam da mutanensu dabam, suka fitar da nasu a 2024, ya zo gefen na LHCb. Haka kuma yawan faruwar irin waɗannan rugujewa yana fitowa ƙasa da yadda aka lissafa, a hanyoyi da dama, duk gefe guda. Tunda an tabbatar ba a bambanta miyuwon da elektaron, ma'anar ita ce su biyun duka sun yi ƙaranci tare. A nan ba a cika zargin mudu ba, ana zargin littafin lissafin ne. A cikin ɗakin nan mai duhu, kwak c da kishiyarsa ma suna iya bayyana su ɓace, kuma ƙarfin da ke ɗaure kwak yana da wuyar lissafi ƙwarai a irin wannan yanayi, har manyan kwamfutoci ba su gama warware shi ba. Abin takaicin shi ne sawun wannan sanannen ɗan gida yana kama da sawun baƙon da ake nema. Wasu masana sun ce tasirin c bai isa ya cike gibin ba, wasu sun ce ba a san iyakarsa ba balle a yanke. Ni na fi karkata ga masu taka-tsantsan, domin wanda bai gama sanin mutanen gidansa ba bai kamata ya yi ihun ɓarawo ba.

Ta ɓangaren tawu kuwa labarin ya fi tsufa. A 2012 gwajin BaBar da ke Kalifoniya ya ga mezon B yana komawa mezon D, mai ɗauke da c, da tawu da niyutirino fiye da kima, da shaidar sigma 3.4. Belle da ke Tsukuba a Japan ya auna, LHCb ta auna, yanzu magajin Belle, wato Belle II, ma ya shigo. A ɗaya daga cikin hanyoyin biyu, inda lissafi ya ce rabon tawu 25 ne in an kwatanta da 100 na ƙannensa, awo yana ba da kusan 29. Kusan kowane gwaji in ka ɗauke shi shi kaɗai ba ya isa hujja, amma yawancinsu sama suke faɗawa, in an haɗa su gibin ya haura sigma 3, kuma ya ƙi gushewa fiye da shekara 10. Wahalar ita ce tawu yana mutuwa tun kafin ya taɓa na'ura, kuma kowane karo niyutirino biyu ko uku suna sulalewa ba a gan su ba. Wani abin da ke sa ni ɗari-ɗari kuma shi ne wannan hanya ba ta cikin masu wuyar faruwa, tana aukuwa fiye da sau 1 a cikin 100. Baƙon da zai iya karkatar da babbar hanya irin wannan dole ya zama mai ƙarfi kuma ba mai nisa ba, ga shi na'urorin ATLAS da CMS na LHC sun neme shi ido da ido har zuwa nauyin da ya haura furoton 1,000 ba su gan shi ba. Bai rufe ƙofa ba, amma ya ƙuntata ta.

Mutanen Japan suna da wata dabara mai kyau. Injinsu, mai zagayen kilomita 3, yana gwara elektaron da kishiyarsa a daidai ƙarfin da zai haifi mezon B biyu, tagwaye, babu na uku. In ka kama Hassan ka gama lissafinsa, ka san abin da Husaini ya fito da shi, don haka duk abin da ya ɓace a wajensa za ka iya cewa ga nauyinsa, ga inda ya nufa, kamar ɗan kasuwar da ya san jarinsa yana gane abin da ya salwanta ko bai ga wanda ya ɗauka ba. Da wannan dabara, haɗe da wata sabuwar hanyar tacewa, Belle II ya sanar a 2023 cewa ya ga alamar mezon B yana komawa kayon da niyutirino biyu, abin da ba a taɓa gani ba, kuma yawansa ya ninka lissafi kimanin sau 4. Shaidar gibin sigma 2.7 ce. Wannan hanya ba ta da matsalar kwak c da muka ambata, shi ya sa ta ja hankali. Har wasu na cewa watakila abin da ya sulale ba niyutirino ba ne, wata ɓoyayyar halitta ce mara nauyi. Ba a yabon ɗan kuturu dai sai ya shekara arba'in da yatsa.

Mai karatu zai iya tambaya, ka'idar da ta ci kowace jarrabawa, har ta yi bushara da ƙwayar Higgs aka same ta a ranar 4 ga Yuli, 2012, me ya sa masu ita suke ɗokin ganin ta faɗi? Domin sun san ba ta cika ba. Duk abin da take bayani a kansa bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke cikin sararin duniya ba, sauran ana ganin tasirinsa a kan taurari ba a san ko mene ne ba. Ta ɗauka niyutirino ba shi da nauyi, a 1998 aka gano yana da shi. Mafi girma kuma, ba ta iya bayyana dalilin da ya sa muke nan. Kowace ƙwaya tana da kishiya, in sun haɗu sai su cinye juna su zama haske. A farkon halitta, bisa lissafi, kusan daidai wa daida aka yi su, kuma da daidai ɗin ya cika da babu abin da zai saura sai haske, ba rana, ba ƙasa, ba mai karanta wannan shafi. Amma a kan kowane biliyan sai aka bar rarar kusan ƙwaya 1. Daga wannan rara aka yi taurari da tekuna da mu. Mezon B yana cikin 'yan wuraren da ake ganin ɗan fifikon da aka yi wa ƙwaya a kan kishiyarta, BaBar da Belle suka tabbatar da shi a 2001, amma fifikon da aka auna ya yi kaɗan ƙwarai, bai kusa biyan wannan rara ba. Akwai wani hannu a cikin lamarin da lissafinmu bai kai gare shi ba. Subhanallah, duk abin da muke taƙama da shi a doron ƙasa canjin da ya saura ne bayan an gama ciniki.

An sake gina yawancin na'urar LHCb tsakanin 2019 da 2022, yanzu tana iya karanta karo kusan miliyan 30 a kowace daƙiƙa, kwamfuta na zaɓar na ajiyewa. Belle II yana da burin tara ninki 50 na abin da Belle ya tara. Ana kuma shirin ƙara wa LHC yawan karo, aikin da ake sa ran zai fara ba da amfani wajen 2030. Maganar kusurwa tana jiran masu lissafi su gama da kwak c, maganar tawu da ta niyutirino suna jiran masu awo su tara shaidu. Allah ne Masanin abin da ke cikin ɗakin.

Kafin nan, mai karatu, duk ranar da ka ji a rediyo ko ka gani a waya cewa an gano ƙarfi na biyar a Janeba ko a Tsukuba, ka yi tambaya biyu: sigma nawa ne, kuma gwaji nawa ne suka gan shi, kowa da na'urarsa? Zuwa yau babu awo guda a cikin waɗannan da ya kai 5.